Majiyyaci a Matsayin Wanda Ake Tuhuma: Tarihin Tauye Haƙƙin Masu Cutar Ƙanjamau a Afirka

Gabatarwa

A shekarar 2001 wata mai shari'a a Babbar Kotun Jihar Legas ta yanke cewa matar da ta shigar da ƙara a gabanta ba za ta shiga zauren kotu ta ba da shaida ba, har sai an kawo ƙwararren likita ya tabbatar cewa zamanta a wurin ba zai shafa wa alƙali da lauyoyi da sauran mahalarta cutar da take ɗauke da ita ba. Matar, Georgina Ahamefule, ta zo ne neman haƙƙinta a kan korar da aka yi mata daga aiki saboda wannan cutar, sai ga shi gidan adalcin ma ya rufe mata ƙofa da hujja iri ɗaya. A lokacin cutar ta cika shekara 20 da bayyana, kuma tun tsakiyar shekarun 1980 likitoci suka tabbatar cewa ba a ɗaukarta ta numfashi ko musafaha ko zama wuri guda.

Wannan maƙala tana bin diddigin yadda aka tauye haƙƙin masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, musamman a nahiyar Afirka, daga bayyanar cutar zuwa lokacin da dokoki suka fara ba su kariya. Abin da tarihin yake nunawa shi ne tsangwamar ba ta faɗa wa mutane bai ɗaya ba. Ta fi sauka a kan waɗanda dama ba su da gata: baƙo mai ci-rani, da matar da ba ta da ta cewa a gidan miji, da yaro, da ɗaurarre, da talakan da ba ya iya sayen magani.

Yadda laƙabi ya rigayi ilimi

A ranar 5 ga Yunin 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta buga rahoton wasu samari biyar a birnin Los Angeles da suka kamu da wani nau'in ciwon huhu wanda ba a saba ganinsa ba sai ga wanda garkuwar jikinsa ta rushe. Sai a 1983 masu bincike a Cibiyar Pasteur ta birnin Faris suka gano ƙwayar da ke haddasa ciwon, gwajin jini kuwa bai yaɗu ba sai 1985. A tsakanin waɗannan shekaru likitoci ba su da abin riƙewa face lissafin waɗanda ciwon ya fi bayyana a cikinsu, sai suka jero rukuni huɗu: maza masu neman maza, da masu yi wa kansu allurar miyagun ƙwayoyi, da masu ciwon rashin daskarewar jini, da 'yan ƙasar Haiti. Rukunin ƙarshe abin lura ne, domin shi kaɗai ne aka gina a kan ƙasar haihuwa. An cire shi daga jerin a 1985, amma ɓarnar ta riga ta auku: 'yan Haiti mazauna Amurka sun rasa ayyuka da gidajen haya, kuma a 1990 sai da dubun dubatarsu suka yi zanga-zanga a kan gadar Brooklyn a birnin New York kafin a janye hanin da aka yi musu na ba da gudummawar jini. Daga 1991 zuwa 1993 gwamnatin Amurka ta tsare 'yan gudun hijirar Haiti masu ɗauke da ƙwayar a wani sansani a Guantanamo, har wani alƙalin tarayya ya ba da umarnin rufe shi. Hanin shiga Amurka ga masu ɗauke da ƙwayar, wanda aka kafa a 1987, bai faɗi ba sai Janairun 2010.

A Afirka ma suna ya rigayi fahimta. A yankin Rakai na Yuganda, inda ciwon ya bayyana tun farkon shekarun 1980, an kira shi da sunan ramar da yake sa mutum. Bahaushe ya bi wannan hanya ya ce ƙanjamau, daga ƙanjamewa, a Nijar aka ari Sida daga Faransanci, a bakin titi kuwa aka ce kabari kusa. Suna irin na ƙarshen nan hukunci ne a karan kansa, domin wanda aka riga aka lissafa cikin matattu ba a damuwa da aikinsa ko aurensa ko gadonsa.

Baƙo, abin zargi na farko

Shekara da shekaru mahaƙun zinariya na Afirka ta Kudu suna ɗebo ma'aikata daga Malawi da Mozambik da Lesoto, su zauna a ɗakunan kwana na maza zalla, nesa da iyalansu, watanni masu yawa a jere. Wannan tsari na raba miji da mata, wanda mulkin wariyar launin fata ya ɗaure wa gindi, yana cikin manyan dalilan yaɗuwar cutar a kudancin nahiyar. Amma da aka fara gwajin jini a mahaƙun a 1986, aka ga adadin masu ɗauke da ƙwayar ya fi yawa a cikin 'yan Malawi, sai gwamnati ta fitar da ƙa'ida a 1987 wadda ta mayar da baƙo mai ɗauke da ƙwayar haramtaccen mai shiga ƙasa. Gwamnatin Malawi ta ƙi yarda a riƙa gwada mutanenta kafin ɗaukarsu aiki. Tsakanin 1988 da 1992 an mayar da ma'aikatan Malawi kimanin 13,000 gida, alhali waɗanda gwaji ya nuna suna da ƙwayar ba su wuce ɗari biyu da wani abu ba. Masana tarihin ƙwadago sun nuna cewa kamfanonin dama suna neman rage baƙin ma'aikata, cutar ta zama musu uzuri. Korar ba ta tsare Afirka ta Kudu daga komai ba. Cikin shekara goma ta zama ƙasar da ta fi kowace yawan masu ɗauke da ƙwayar a duniya, domin ɗakunan kwanan da tsarin ci-ranin suna nan yadda suke.

Irin wannan ya sake faruwa a Libiya ta wata fuska. A 1998 aka gano yara fiye da 400 sun kamu a wani asibitin yara a Bengazi. Maimakon a binciki yadda ake sake amfani da allurai da kayan aiki, sai aka kama ma'aikatan jinya mata biyar 'yan Bulgeriya da wani likita Bafalasɗine, aka tuhume su da yi wa yaran allurar cutar da gangan. Sun ce azabtar da su aka yi har suka amsa laifi. An yanke musu hukuncin kisa a 2004, aka sake yanke musu shi a 2006, duk da cewa binciken ƙwayar ya nuna ta shiga asibitin kafin su iso ƙasar. An sake su a Yulin 2007. A wannan al'amari zalunci biyu ne: na ma'aikatan da aka ɗaure shekara takwas, da na yaran da aka karkatar da iyayensu daga sanin ainihin wanda ya yi sakaci.

Cikin waɗanda suka fara faɗa wa gwamnatoci cewa wannan hanya kuskure ce ta fuskar lafiya kanta akwai Jonathan Mann, likitan Amurka da ya yi aiki a Kinshasa kafin ya shugabanci shirin ƙanjamau na Hukumar Lafiya ta Duniya. A 1987 ya gargaɗi Majalisar Ɗinkin Duniya cewa bayan yaɗuwar ƙwayar da bayyanar ciwon akwai annoba ta uku, ta ƙyama da wariya. Hujjarsa mai sauƙi ce. Ƙwayar tana iya zama shekaru a jiki ba tare da alama ba, don haka babu hanyar sanin mai ɗauke da ita sai ya yarda an gwada shi, kuma babu mai hankalin da zai miƙa hannu a ɗebi jininsa idan ya san sakamakon shi ne kora daga aiki ko tsarewa. A Mayun 1988 babban taron hukumar ya zartar da ƙuduri a kan guje wa nuna wariya ga masu cutar. Ƙuduri kuwa ba ya ɗaure kowa, kuma shekarun da suka biyo baya sun nuna haka.

Mata da yara

A mafi yawan ƙasashen Afirka mace ce ake fara gano tana da ƙwayar, saboda ita ce ke zuwa awon ciki, a nan ne kuma ake gwaji. Miji yakan daɗe bai taka asibiti ba. Wanda aka fara ganowa shi ake ɗauka ya kawo, don haka matar da sau da yawa daga mijinta ta samu ita ce ke shan saki da duka da ƙazafi. Idan mijin ya riga ta rasuwa, danginsa su kwashe gona da gida da dabbobi da hujjar ita ta kashe shi, kuma ita ma ba ta da sauran kwana. Ƙungiyoyin kare haƙƙi sun tattara irin waɗannan labarai da yawa a Kenya da Yuganda da Zambiya.

Gugu Dlamini mace ce mai shekara 36 a unguwar KwaMashu kusa da Durban, tana aikin sa-kai a ƙungiyar masu ɗauke da ƙwayar. A ranar ƙanjamau ta duniya, 1 ga Disambar 1998, ta bayyana halin da take ciki a kafofin watsa labarai da harshen Zulu, domin ta ƙarfafa wa wasu gwiwa. Kafin watan ya ƙare wasu maza na unguwarsu suka yi mata duka da jifa har ta rasu, bisa zargin ta zubar wa unguwa mutunci. Ba a hukunta kowa a kan jininta ba. A lokacin lardin nasu yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya, wato babu mamaki a cikin masu jifan akwai masu ɗauke da abin da suka kashe ta a kansa ba su sani ba. An sa wa wani dandali a Durban sunanta daga baya.

Shekara guda kafin haka, a 1997, iyayen yara a wata makarantar firamare a Johannesburg sun tashi tsaye don hana ɗaukar Nkosi Johnson, yaron da aka haifa da ƙwayar a 1989. An ɗauke shi bayan gardama mai tsawo, kuma gardamar ce ta kai ga manufar ƙasa da ta haramta korar ɗalibi saboda cutar. Ya yi jawabi a buɗe babban taron ƙanjamau na duniya a Durban a Yulin 2000, ya rasu a 1 ga Yunin 2001 yana da shekara 12. A watan Satumban 2000 Kotun Tsarin Mulkin ƙasar ta umarci kamfanin jiragen sama na gwamnati ya ɗauki wani mutum da ya ci duk jarrabawar aikin cikin jirgi amma aka ƙi shi saboda gwajin jini, tana mai cewa son zuciyar abokan ciniki ba ya zama hujjar tauye mutuncin ɗan ƙasa.

Magani a matsayin haƙƙi

Daga 1996 haɗin magunguna uku ya mayar da cutar a Turai da Amurka ciwon da ake rayuwa da shi. Kuɗinsa a shekara ya kai dala 10,000 ko fiye ga mutum ɗaya, don haka shekara biyar zuwa bakwai Afirka ta ci gaba da binne miliyoyin mutane da ciwon da maganinsa yana nan. Da Afirka ta Kudu ta gyara dokarta a 1997 domin shigo da magani mai rahusa, kamfanonin harhaɗa magunguna 39 suka tsaya a kotu suna ƙalubalantarta, ba su janye ba sai Afrilun 2001 bayan duniya ta yi musu ca. A Fabrairun shekarar kamfanin Cipla na Indiya, ƙarƙashin Yusuf Hamied, ya yi tayin haɗin a kan dala 350 a shekara, abin da ya tona cewa tsadar ba ta kuɗin sarrafawa ba ce.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa laifin bai tsaya ga kamfanonin waje ba. Shugaba Thabo Mbeki ya yi shakkar cewa ƙwayar ce ke jawo ciwon, ministar lafiyarsa ta riƙa tallata tafarnuwa da lemun tsami, gwamnati ta ƙi raba maganin da ke hana uwa shafa wa jaririnta, sai da Kotun Tsarin Mulki ta tilasta mata a Yulin 2002. Masu bincike na Jami'ar Harvard sun ƙiyasta cewa jinkirin ya ci rayuka fiye da 330,000 tsakanin 2000 da 2005.

Nijeriya a gaban kotu

An ba da rahoton cutar a Nijeriya a 1986. Shekaru goma na farko na musu ne, jama'a da dama suna ɗaukarta ƙirƙirar Turawa don rage haihuwa, iyalai kuma suna binne nasu da sunan taifot ko sammu. Abin da ya girgiza wannan musu shi ne rasuwar mawaƙi Fela Anikulapo-Kuti a Agustan 1997, lokacin da yayansa Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, tsohon ministan lafiya, ya fito ya faɗi abin da ya kashe shi. Awon mata masu ciki ya nuna kashi 1.8 cikin ɗari a 1991, ya hau zuwa 5.8 a 2001.

A cikin wannan yanayi al'amarin Georgina Ahamefule ya faru. Mataimakiyar ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti mai zaman kansa a Legas. A 1995, tana da ciki, marurai suka fito mata, sai likitan da take aiki a ƙarƙashinsa ya ɗebi jininta ya gwada ba tare da ya gaya mata abin da yake nema ba, ya tura ta asibitin koyarwa da takarda a rufe. A can ta ji labari. Da ta dawo aka sallame ta daga aiki. Ba da jimawa ba ta yi ɓari, asibitin da ta yi wa hidima shekaru ya ƙi yi mata wankin ciki saboda cutar. Wata ƙungiyar kare haƙƙin jama'a ta shigar mata da ƙara a 2000, shekara ta zagayo aka hana ta shiga kotu kamar yadda aka ambata a farko. Shari'ar ta yi ta yawo tsakanin kotuna har Satumban 2012, lokacin da wata mai shari'a ta daban a Babbar Kotun Legas ta yanke cewa korar haramtacciya ce, gwajin ba da izini ba cin zarafi ne ga jikinta, hana ta magani kuma keta haƙƙinta na lafiya ne, ta ba ta diyyar naira miliyan 7. Shekara 17 ke nan tsakanin kora da hukunci. Mafi yawan waɗanda aka kora a 1995 ba su rayu har su ga irin wannan rana ba, domin magani bai zama kyauta a asibitocin gwamnati ba sai 2006.

Shari'a ta biyu ta fito daga gidan yari. Wasu ɗaurarru huɗu masu jiran shari'a a Fatakwal, dukansu masu ɗauke da ƙwayar, suka kai ƙara cewa an ware su, an kuma bar su ba magani. A 2004 Babbar Kotun Tarayya ta yanke cewa barin ɗaurarre mai irin wannan ciwo ba kulawa azabtarwa ce, kuma ya saɓa wa Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummomi, ta umarci a kai su asibiti. Sai dai ta ƙi karɓar ƙorafinsu na wariya, saboda sashe na 42 na tsarin mulki ya lissafa ƙabila da jinsi da addini da makamantansu amma bai ambaci ciwo ba. Wannan giɓi ne ya sa aka ga buƙatar doka ta musamman.

Dokar da ta zo da kariya da tarko

A Satumban 2004 aka yi wani taro a Njamena, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, inda aka fitar da samfurin doka domin ƙasashen Afirka ta Yamma da ta Tsakiya su kwaikwaya. Cikin shekaru uku Benin da Gini da Mali da Togo da Saliyo suka zartar da dokoki a kan wannan samfuri, Nijar ma ta yi tata a 2007. Samfurin yana da alheri, domin ya haramta wariya a wurin aiki da asibiti, ya kuma kare sirrin majiyyaci. Amma ya mayar da yaɗa ƙwayar da gangan laifi, ya kuma fassara ganganci da faɗi ƙwarai, har ya haɗa da duk wanda ya san yana da ita ya shafa wa wani ta kowace hanya. Ya wajabta wa mutum ya sanar da abokin zamansa cikin mako shida, in ba haka ba ma'aikacin lafiya ya sanar. Dokar Saliyo ta 2007 har ta ambaci mace mai ciki game da abin da ke cikinta, kafin a gyara ta daga baya.

An yi nufin kare mata ne daga mazan da ke ɓoye halinsu, niyyar kuma ba abin zargi ba ce. Amma tunda laifin ya rataya a kan sani, kuma mace ce ke fara sani, ita ce dokar ta fi kamawa, mijin da bai taɓa gwaji ba kuwa ya kuɓuta da jahilcinsa. Doka da ke saka wa rashin sani da aminci ba za ta kai mutane ɗakin gwaji ba.

A Namibiya abin ya wuce takarda ya kai ga wuƙar likita. Mata uku masu ɗauke da ƙwayar sun kai gwamnati ƙara cewa an juya musu mahaifa a asibitocin gwamnati lokacin da aka yi musu aikin haihuwa, bayan an ba su takarda sun sa hannu suna cikin naƙuda. Babbar Kotu a 2012 da Kotun Ƙoli a 2014 suka yanke cewa sa hannun mai naƙuda ba yarda ba ce, ko da yake sun ce ba a tabbatar cutar ce dalilin aikin ba. Hukumar daidaiton jinsi ta Afirka ta Kudu ta fitar da rahoto a 2020 a kan mata 48 masu irin wannan koke. Duk wannan ya faru ne a zamanin da aka san magani yana rage haɗarin shafa wa jariri ƙwarai.

Mafi wuyar magana ita ce ta rukunonin da al'umma da doka suke ƙin aikinsu: mata masu zaman kansu, da masu allurar ƙwayoyi, da maza masu neman maza. An samu rahotanni daga Kenya da Namibiya da Zimbabuwe na 'yan sanda da ke ɗaukar kwaroron roba a jakar mace a matsayin shaidar laifi, da ma'aikatan jinya da ke tozarta irin waɗannan majiyyata a gaban layi. Hukuncin aiki magana ce ta alƙali da shaidu da sharuɗɗa. Ɗakin likita ba kotu ba ne, kuma wanda aka kora daga asibiti yana komawa cikin jama'a ne da cutarsa, sau da yawa zuwa ga matar aure da ba ta san komai ba.

Malamai da fuƙaha'u

Shugabannin addini, Musulmi da Kirista, suna da hannu a wannan tarihi ta fuska biyu. A shekarun farko huɗubobi da yawa sun siffanta cutar da azaba ga mazinata, ba tare da togiya ga jariri ko wanda aka ƙara wa jini ko matar da ta tsare kanta ba. Faghmeda Miller ta birnin Cape Town, wadda ta samu ƙwayar daga mijinta da ya rasu watanni kaɗan bayan aurensu, ta fuskanci wannan lokacin da ta bayyana halinta a tsakiyar shekarun 1990, kuma tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar Musulmi masu ɗauke da ƙwayar a 2000.

Sai dai matsayin fiƙihu a hukumance ya fi na mumbari adalci tun da wuri. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na tara a Abu Dabi a Afrilun 1995, ta yanke cewa ware majiyyaci daga jama'a ba wajibi ba ne tunda cutar ba ta yaɗuwa ta cuɗanya ta yau da kullum, cewa uwa mai ɗauke da ƙwayar ba ta rasa haƙƙin renon ɗanta, cewa mace tana da damar neman a raba aurenta da miji mai cutar, kuma mai yaɗa ta da niyyar cutarwa yana fuskantar uƙuba gwargwadon niyyarsa da ɓarnarsa. Bambanci tsakanin wannan da samfurin Njamena a fili yake: nan an rataya laifi a kan ƙudurin cutarwa, can a kan sani kawai. Batun raba aure kuwa ba baƙo ba ne ga wanda ya san babin aibobin da Malikiyya suka ba da zaɓi a kansu, kamar kuturta da hauka.

A aikace Yuganda ce ta yi fice. Daga 1992 ƙungiyar likitoci Musulmi ta ƙasar ta fara horar da limamai a gundumomin Mpigi da Iganga, tana ba su kekuna su bi gida-gida tare da mataimaka maza da mata, suna bayani, suna kuma ziyartar marasa lafiya. A shekarar farko an bar maganar kwaroron roba saboda ƙin da malamai suka nuna, aka shigo da ita daga baya bayan muhawara, a cikin iyakar aure. Shirin ya kai ga dubban limamai da 'yan sa-kai. A Sanagal ma taron malamai na 1995 ya buɗe ƙofar magana a kan cutar a masallatai, kuma ƙasar tana cikin masu ƙarancin yaɗuwa a nahiyar.

Gambiya ta nuna kishiyar haka. A Janairun 2007 Shugaba Yahya Jammeh ya shelanta cewa yana warkar da ƙanjamau da haɗin ganyayyaki da addu'o'i. An tattaro majiyyata, na farkonsu daga ƙungiyoyin masu ɗauke da ƙwayar, aka umarce su su daina shan maganinsu, aka tsare su watanni, aka nuna fuskokinsu a talabijin na gwamnati ba da yardarsu ba. Wakiliyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta nuna shakka an kore ta daga ƙasar a watan da ya biyo. Mutane da dama sun mutu. Uku daga waɗanda suka tsira sun shigar da ƙara a Banjul a 2018, wasu kuma sun ba da shaida a gaban hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar. Rigar addini da mai mulkin ya yafa ta sa musa masa ya yi wa mutane nauyi biyu.

Daga 2014 zuwa gwajin aure

Nijeriya ta samu dokar hana wariya ga masu ƙanjamau a 2014. Ta haramta sanya gwaji sharaɗin ɗaukar aiki ko samun hidima, da bayyana halin mutum ba da izininsa ba, ta kuma tanadi tara da ɗauri. Babban binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 gaba ɗaya.

A Arewa muhawarar ta koma kan gwaji kafin aure, wanda wasu jihohi suka wajabta, Kano ma ta sa hannu a kan dokarta a 2024. Maslahar a bayyane take, musamman ga yarinyar da za a aurar ga wanda ya taɓa aure, ko gidan da ke da kishiyoyi. Abin da ya rage shi ne hannun da takardar sakamako ke bi: daga ɗakin gwaji zuwa waliyyi, zuwa limamin da zai ɗaura, wani lokaci a gaban wakilan dangi biyu. Auren da aka sa wa rana aka fasa bayan gwaji, unguwa ba ta buƙatar a gaya mata dalili, kuma yarinyar ce za ta ci gaba da zama a unguwar. Ga shi kuma bincike tun daga 2011 ya tabbatar cewa mai shan magani a kai a kai har ƙwayar ta daina bayyana a awon jini ba ya shafa wa abokin aurensa, yana kuma iya haifar 'ya'ya lafiyayyu. Limamin da aka miƙa wa takarda mai nuna ɗaya yana da ƙwayar ɗaya ba shi da ita, alhali su biyun sun sani sun kuma yarda, yana gaban mas'alar da zaman Abu Dabi na 1995 bai riska ba, domin an yi shi shekara guda kafin maganin ya fito.